Anil Kumble: Majefin da Aka Ce Ba Ya Murɗa Ƙwallo, Ya Kuma Fitar da Mutum 619

A wasan kurket majefa iri biyu ne. Akwai masu ƙarfin damtse da ke sheƙowa da gudu su wurga ƙwallo da saurin da ya haura kilomita 140 a awa. Akwai kuma masu murɗe, waɗanda ke takowa 'yan taku kaɗan su saki ƙwallon tana juyawa, ta yadda in ta dira ƙasa sai ta karkace hagu ko dama. Indiya ta yi suna da kashi na biyun tun zamanin Bishan Bedi da Erapalli Prasanna da Bhagwat Chandrasekhar da Srinivas Venkataraghavan. Abin mamakin shi ne, mutumin da ya fi kowa fitar da masu bugu a tarihin ƙasar, Anil Kumble, ya shafe rabin rayuwarsa ta wasa ana yi masa gorin cewa ƙwallonsa ba ta karkacewa. Gorin kuwa yana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka ya gama da wiket 619 (kowane mai bugu da majefi ya fitar wiket ɗaya ne) a wasa 132 na Tes, wato wasan da ake yi na kwana biyar. Mutum uku ne kawai suka wuce shi a duniya: Muttiah Muralitharan mai 800, Shane Warne mai 708, da James Anderson mai 704.

Kafin a gane yadda hakan ta yiwu sai an san ma'aunin kayan wasan. Tsawon fagen jifa yadi 22 ne, mita 20 da 'yan kai. A bayan mai bugu akwai turaku uku, faɗinsu gaba ɗaya inci 9, tsayinsu inci 28. Katakon da yake kare su da shi bai wuce inci 4 da kwata a faɗi ba. Ke nan daga tsakiyar katakon zuwa gefensa inci biyu ne da ɗan abu. In ƙwallo ta kauce wa inda mai bugu ya zata da inci biyu kawai, to gefen katako za ta lasa ta tashi zuwa hannun mai cafka, ko ta wuce ta ciki ta daki ƙafa ko turke. A kan wannan lissafi Kumble ya gina sana'arsa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin injiniya ne da ya karanta fannin injuna a Bangalor, garin da aka haife shi ranar 17 ga Oktoba 1970. Ƙwallon da ta karkace taku guda tana burge 'yan kallo, amma sau da yawa wuce katakon take yi, ta wuce turakun ma, ba ta fitar da kowa ba.

Salon da ya ɗauka shi ne murɗen wuyan hannu. Ana riƙe ƙwallon ne manuniya da 'yar tsakiya suna kwance a kan ɗinkinta, yatsan zobe a lanƙwashe a gefe, kuma shi yatsan zoben ne ke fizgar ɗinkin lokacin saki. Inda bayan hannu ya kalla shi ke raba jifa da jifa. In tafin hannu na kallon mai bugu, ƙwallon za ta dira ta kauce daga gefen ƙafar badame zuwa gefen katakonsa, wannan shi ne ainihin murɗen. In aka ɗan ƙara juya wuyan hannu har gefen hannun ya fuskanci mai bugu, ƙwallon gaba za ta riƙa juyawa, ta faɗo da wuri ta kuma yi tsalle sama. In aka ƙarasa juyawar har bayan hannu ya kalli mai bugu, an sami gugli, wadda ke dawowa ciki wajen turaku alhali mai bugu na jiran ta fita. Sai kuma filifa, da ake matsewa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi kamar mai ƙyasta yatsu, ta tafi tana juyawa baya, ta sulale ƙasa-ƙasa.

Warne yana sakin ƙwallo ne hannunsa ya ɗan kwanta gefe, abin da ke ba shi juyin gefe mai yawa. Kumble dogo ne, ya haura ƙafa shida, kuma hannunsa a miƙe yake zuwa, yana gogar kunne. Hannun da ya miƙe haka juyin gaba yake bayarwa fiye da na gefe. Ga shi kuma da jifan gudu ya fara tun yana yaro kafin ya koma murɗe, saurin bai bar shi ba: kilomita 90 a awa ba komai ba ne a wurinsa, ga kuma wadda yake sakowa da ta fi haka nesa. Daga nan laƙabinsa na Jumbo ya samo asali, don ƙwallonsa kan tashi daga ƙasa kamar jirgin sama. Yana da magabaci a jiharsa ta Karnataka, wato Chandrasekhar, wanda shan-inna ta shanye wa hannun dama tun yana ƙarami, ya mayar da hannun makamin jifa mai sauri har ya fitar da mutum 242.

Me saurin ke yi wa mai bugu? Hanya biyu ake bi a kashe kaifin mai murɗe. Ko dai ka fito daga layinka ka tari ƙwallon daidai inda za ta dira kafin ta karkace, ko ka ja da baya sosai ka jira ta gama karkacewa sannan ka buga. Kumble ya toshe duka biyun. Ƙwallonsa ba ta daɗewa a iska balle ka sami lokacin fitowa, in kuma ka ja baya, mai sulalewar za ta riga katakonka isa ƙafarka. Dokar tare ƙwallo da ƙafa ta ce in ƙwallon ba ta dira a wajen turken gefen ƙafa ba, ta daki ƙafarka a saitin turaku, kuma alƙali ya gamsu cewa da ba don ƙafar ba da turke za ta daka, to ka fita. Mutum 156 Kumble ya fitar ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. A tuna fa, ya yi wannan ne a zamanin da ba a amfani da na'urar bin sawun ƙwallo wajen yanke hukunci, lokacin da alƙalai ba sa son ɗaga yatsa in mai bugu ya miƙo ƙafa gaba. Sai a wasanninsa na ƙarshe, a Siri Lanka cikin 2008, aka fara gwada tsarin ɗaukaka ƙara zuwa ga alƙalin talabijin. Da tsarin ya riske shi yana ganiyarsa, da wuya adadin ya tsaya a 156.

Farkon shigarsa bai yi armashi ba. Ya buga Tes ɗinsa na farko a filin Old Trafford na Ingila a Agustan 1990, siririn saurayi da tabarau, a wasan da Sachin Tendulkar ya fara cin maki ɗari. Ya fitar da mutum uku a zagayen farko (a Tes kowace ƙungiya tana da zagayen bugu biyu), daga nan aka ajiye shi fiye da shekara biyu. Abin da ya dawo da shi shi ne wasan Kofin Irani na 1992, wasan cikin gida na Indiya, inda ya fitar da mutum 13 a kan maki 138. Aka tafi da shi Afirka ta Kudu, ya fitar da shida a zagaye guda a Johanasbag.

Shekarar 1993 ce ta kafa tsarin da Indiya ta rayu a kansa tsawon shekara bakwai. Kyaftin Mohammad Azharuddin da manaja Ajit Wadekar suka tsai da dabara: a shirya fage busasshe, a zuba masu murɗe uku, Kumble a gaba, Venkatapathy Raju da Rajesh Chauhan na dafa masa. Ingila ta zo ta sha kashi a wasa uku cikin uku, Kumble ya kwashi wiket 21. A ƙarshen shekarar ya fitar da mutum shida a kan maki 12 kacal a wasan ƙarshe na Kofin Hero, gasar wasannin kwana ɗaya, da 'yan Karebiyan a Kalkata. Daga nan har zuwan Afirka ta Kudu a 2000, babu ƙasar da ta ci jerin wasannin Tes a cikin Indiya.

Dalilin yana cikin ƙasar fagen. Fagen Indiya ba shi da ciyawar da za ta riƙe shi, rana na gasa shi, ƙusoshin takalman majefa na tona shi. Zuwa kwana na huɗu ya fara tsagewa kamar fadama a tsakiyar rani, samansa ya zama gari. A irin wannan fage ƙwallo biyu za su dira wuri ɗaya, ɗaya ta tashi har ƙirji, ɗaya ta bi ƙasa. Majefi mai jifa a hankali yana ba mai bugu damar gyara kuskurensa, mai sauri kuwa ba ya bayarwa. Sannan ƙwallon kamfanin SG da ake amfani da ita a Indiya ɗinkinta tudu ne, kuma yana daɗewa bai kwanta ba, yatsa na samun abin kamawa, ƙasa ma haka. Shi ya sa za ka ga an tsugunar da mutum biyu ko uku dab da mai bugu, sanye da kwalkwali, suna jiran wadda za ta lashi katako ta daki kariyar ƙafa ta tashi.

Ranar 7 ga Fabrairu 1999 ce ta tattara duk wannan wuri guda. Filin Feroz Shah Kotla ne a Delhi, fagen da 'yan jam'iyyar siyasa ta Shiv Sena suka haƙe makonni kaɗan kafin wasan don nuna adawa da zuwan Pakistan, aka gyara shi cikin gaggawa. Pakistan ta riga ta ci wasan farko a Chennai da maki 12. A nan kuma tana neman 420 a zagayen ƙarshe, Saeed Anwar da Shahid Afridi suka kai ta 101 ba a fitar da kowa ba. Kumble ya yi jifa da safe bai sami komai ba, aka sauya masa ɓangaren da yake jifa daga shi. Afridi ya lasa, Nayan Mongia ya cafke a bayan turaku. Ƙwallo ta gaba ta sami Ijaz Ahmed a ƙafa. Daga nan abin ya zama kamar an kwance bakin buhu. Da aka kai mutum tara, Javagal Srinath da ke jifa daga ɗaya ɓangaren ya riƙa wurga tasa nesa da turaku da gangan don kada ya ɓata wa abokinsa. Wasim Akram ne na goma, VVS Laxman ya cafke shi dab da ƙafarsa. Pakistan ta ƙare a 207, Kumble ya fitar da duka goman da ake bukata a kammala zagaye, a kan maki 74. Kafin shi Jim Laker na Ingila ne kaɗai ya taɓa yin haka, a 1956, bayansa kuma sai Ajaz Patel na Niyu Zilan a 2021. Duba yadda goman suka fita: uku ta ƙafa, biyu an daki turakunsu, biyar an cafke su, yawanci a kusa. Babu wata ƙwallon al'ajabi a ciki. Matsi ne a kan turaku, ƙwallo bayan ƙwallo, har fagen ya yi nasa aikin.

To amma masu gorin suna da hujjarsu, kuma hujjar tana ƙetare. A duk shekarun 1990 Tes ɗaya tak Indiya ta ci a wajen gida, a Kolombo cikin 1993. In fage ya yi tauri ya yi sumul, ƙwallon Kumble kan zo a tsayi ɗaya, a layi ɗaya, sai masu bugu suka gano cewa su ɗauke shi kamar majefin gudu mai matsakaicin sauri da ke shigo da ƙwallo ciki: a sa katako a miƙe a gaban ƙafa, kada a yi wasa da tunanin za ta fita. Ƙwallon kamfanin Kookaburra da ake amfani da ita a Ostireliya da Afirka ta Kudu kuma ɗinkinta kan kwanta da wuri, sai an yi oba 80, kowace oba ƙwallo shida, kafin a ba da sabuwa. A Kolombo cikin 1997, ranar da Siri Lanka ta tara 952, Kumble ya jefa oba 72, aka ci shi maki 223, mutum ɗaya ya fitar. A Ostireliya a ƙarshen 1999 wiket biyar ya samu a wasa uku. Alƙaluman rayuwarsa gaba ɗaya sun nuna wannan rata: a gida wiket 350 a wasa 63, kowane wiket a kan maki kusan 25, a waje kuwa 269 a wasa 69, kowanne a kan kusan 36. Ya kamata dai a yi masa adalci ta wani gefen. Mai murɗe yana cin abinci ne a kwana na huɗu da na biyar, bayan masu bugun ƙungiyarsa sun tara maki masu yawa. Indiya ta wancan lokacin ba ta cika tara su a waje ba, sai ya zamana yana jifa a kwana na ɗaya da na biyu, kan fage sabo, aikinsa tare ɓaraka kawai. A 1995 da ya buga wa gundumar Northamptonshire ta Ingila ya fitar da mutum 105 a kaka guda, alamar cewa ba ƙasar Indiya kaɗai ya iya ba.

Kafaɗa ce ta raba rayuwar wasansa biyu. Jifan murɗen wuyan hannu yana cin kafaɗa, musamman gugli, wadda ke tilasta wa gaɓar juyawa ciki fiye da ƙima, ga shi kuma an mai da shi jakin ƙungiya. Kafaɗar ta gaza a ƙarshen 2000, aka yi masa tiyata a farkon 2001. Yana jinya Ostireliya ta zo Indiya, wani saurayi mai murɗe, Harbhajan Singh, ya kwashi wiket 32 a wasa uku. Kumble da hannunsa a rataye ya je sansanin horo yana ba shi shawara, wato yana wasa wuƙar da za ta yanke masa gurbi. Haka kuwa aka yi. Bayan ya warke, sau da yawa in za a sa mai murɗe ɗaya, Harbhajan ake ɗauka. A Gasar Kofin Duniya ta 2003 wasa uku kawai ya buga, shi da ya fi kowa wiket a ta 1996.

A tsakiyar wannan hali ne abin Antigua ya faru, a wasa da 'yan Karebiyan, a Mayun 2002. Yana bugu ƙwallon Mervyn Dillon ta karya masa muƙamuƙi. An riga an shirya mayar da shi gida don tiyata, sai ga shi ya fito da bandeji naɗe daga haɓa zuwa ka, ya jefa oba 14 a jere, ya fitar da Brian Lara ta ƙafa. Ana yawan ba da labarin a matsayin jarumta, kuma jarumtar ce. Akwai dai wani abu ƙari: ranar Indiya ta tara maki fiye da 500, irin damar da ya daɗe yana jira a ƙetare, ba zai yarda ta wuce shi yana kwance ba.

Gyaran da ya yi wa jifansa ya bayyana ne a Ostireliya a 2003 zuwa 2004. An bar shi a benci a wasan farko, yatsan Harbhajan ya samu rauni, aka kira shi. Wanda ya fito ba Kumble na da ba ne. Ya rage sauri a wasu ƙwallayen yana ɗaga su sama da idon mai bugu, abin da ke sa a kasa auna inda za su dira. Ya ƙara yawan gugli, mai tafiya a hankali, wadda ta fi cutar da bahagwai don tana guje wa katakonsu. Ya riƙa sauya inda yake taka ƙafa, wani lokaci dab da turaku, wani lokaci can gefe, kusurwar ƙwallon na canzawa ba tare da hannu ya canza ba. Mai saurin tana nan, sai dai yanzu ta zama abin ba-zata. Ya biya farashi, domin an ci shi maki da yawa: biyar a kan 154 a Adeled, shida a kan 176 a Malbon, takwas a kan 141 a Sidni. Amma wiket 24 a wasa uku ne, a gidan ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a duniya, aka kuma tashi kunnen doki. Wannan shi ne cinikin da majefin da ya tsufa a kan rowar maki ya koyi yi: ka ba da maki huɗu sau biyu don ka sayi kuskure ɗaya.

Daga nan sai nasarorin waje suka fara zuwa. A 2004 ya fitar da shida a zagaye na biyu a Multan, Tes na farko da Indiya ta taɓa ci a Pakistan. A ƙarshen shekarar ya wuce wiket 434 na Kapil Dev, adadi mafi yawa na Ba'indiye a lokacin, a Daka ta Bangladesh. A 2006 shidansa a Jamaika suka ba Indiya jerin wasanni a Karebiyan karon farko cikin shekara 35. A 2007 a filin Oval na Landan ya ci maki 110 ba a fitar da shi ba, ɗarinsa ɗaya tilo, a Tes ɗinsa na 118, kuma shi kaɗai ne Ba'indiyen da ya kai ɗari a jerin da suka ci Ingila, alhali ga Tendulkar ga Rahul Dravid ga Sourav Ganguly.

An ba shi kyaftin yana da shekara 37, a Nuwamban 2007, kowa ya san riƙon ƙwarya ne kafin MS Dhoni ya nuna. Riƙon ya faɗo a kan rikicin Sidni na Janairun 2008, inda kurakuran alƙalai da zargin wariyar launin fata da aka yi wa Harbhajan suka kusa wargaza ziyarar. Kumble ya faɗi a gaban 'yan jarida cewa ƙungiya ɗaya ce ta yi wasan da ladabinsa, sannan ya kai mutanensa Perth, fagen da ya fi kowanne tsalle da sauri, suka ci da maki 72, suka katse wa Ostireliya nasara 16 a jere. A nan ya fitar da Andrew Symonds, mutum na 600.

Daga baya ya jagoranci Royal Challengers Bangalore zuwa wasan ƙarshe na gasar IPL, wato gasar ƙungiyoyin biranen Indiya, ta 2009, ya shugabanci hukumar kurket ta Karnataka, ya kuma horar da Indiya daga 2016 zuwa 2017, inda ya ajiye aikin saboda saɓani da kyaftin Virat Kohli duk da cewa Tes ɗaya kawai aka ci su a hannunsa. A wasannin kwana ɗaya yana da wiket 337.

Tes ɗinsa na ƙarshe a Kotla ya yi shi, filin da ya fitar da mutum 58 a wasa bakwai. Kafaɗar ta sake gajiya, ƙwallon ta daina tashi kamar da. A wasan ƙwallo ta tsaga masa ƙaramin yatsan hannun hagu har aka yi masa ɗinki 11, ya dawo fili da bandeji, ya bi wata da Mitchell Johnson ya ɗaga sama da gudu ya cafke da kansa. Ita ce ta 619. Ranar 2 ga Nuwamba 2008 ya sanar da ajiye wasa, bayan ya jefa ƙwallo 40,850 a Tes, adadin da Muralitharan kaɗai ya wuce.